Wa Zai Wanke Nma?

Ruwan ya yi ɗumi ya huce har sau biyu kafin Kolo ya dawo. Jummai tana durƙushe a gaban murhu tana tura itace, ta gane shigowarsa tun daga zaure, don in ya gaji ba ya ɗaga ƙafa, jan takalmi yake yi. Shi kaɗai ya shigo. Masu wankan gawa biyu da aka aike shi ya kira, babu ko ɗaya a bayansa.

"Yaya," in ji shi. Haka yake kiran ta tun ranar da yayansa ya auro ta. "Malam Sale ya ce bayansa ya riƙe. Ɗayan kuma an ce ya tafi Bosso."

"Ɗazu da muka dawo daga asibiti na gan shi zaune a ƙofar gidansa."

Kolo ya sunkuyar da kai.

Mijinta Nma yana kwance a ɗaki a kan tabarma, an lulluɓe shi da zanen gado. Ya cika da ƙarfe bakwai da rabi na safe, bayan kwana tara yana fama da ciwon ƙirji. Yanzu sha ɗaya ta wuce, zafin watan Maris ya fara sauka daga kwanon rufi, ga babu wuta balle a kunna fanka. A unguwar Tudun Wada ba a barin gawa ta daɗe haka. Da wani ne ya rasu, da tuni an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an ɗauko makara daga masallaci, matasa sun wuce haƙan kabari. Yau ma mutane sun zo. Sai dai sun tsaya a tsallaken titi, a inuwar shagon mai faci, suna kallon gidan.

Kowa ya san dalili, har yaran unguwa.

Shekara shida da suka wuce, 'yarsu Farida ta bi kakarta biki a wani ƙauye da ke bakin kogin Neja, can bayan Bida. Kwale-kwalen da ya ɗauko 'yan biki ya kife. Nma ya yi kwana uku a bakin ruwa tare da masunta suna fito da mutane. Ya sami mahaifiyarsa rana ta biyu. Ya sami Farida rana ta uku, da lallen biki a hannunta. Ya dawo Minna ya zauna karɓar gaisuwa kamar kowa. Sai ranar addu'ar bakwai wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce haka Allah ya so. Nma ya ɗago kai a gaban jama'a ya ce, "Mutum ɗari aka zuba a jirgin mutum arba'in. Wannan mu muka so. Kwana uku na yi a wurin ina kira. Babu kowa a can sama. Babu kowa."

Daga ranar bai ƙara taka masallaci ba.

Bai koma shaye-shaye ba, bai zagi kowa ba. Ya ci gaba da sana'arsa ta gyaran injin ban ruwa, kullum da safe ya ɗaure akwatin sifana a bayan babur ya nufi wajen manoman rani na Tagwai. In an kira sallah yana rage rediyo. In azumi ya zo ba ya cin komai a gabanta, kuma shi ke kawo mata kankana ta buɗa baki. An zo har gida an ce wa Jummai aurenta ya warware, ta tattara kayanta. Ta ce ta ji. Sauran 'ya'yansu mata biyu suna gidajen aurensu a nesa, in ta tafi wa zai zauna da shi? Ta zauna. Amma ba ta zauna shiru ba. Kusan kowace safiya, a kan kofin koko, sai sun taɓa.

"Baban Farida, hannun nan da kake gyara inji da shi, wa ya ba ka?"

"Uwata da ubana."

"Su kuma wa ya ba su?"

"Haka za mu yi ta komawa baya har kokon ya huce, Jummai. In kin kai ƙarshe ki ce Allah. Ni in na kai ƙarshe in ce ban sani ba."

"To ban sani ba daban, babu daban. Kai babu ka ce."

Ranar ya yi dariya har ya ƙware, ya ce yau kam ta ci. Amma washegari yana nan inda yake. Wata rana kuma ta gaji ta tambaye shi abin da ya fi ci mata rai. Ta ce in babu Allah, to ina Farida take? Ya daɗe yana kallon kofinsa, sannan ya ce, "Tana inda na sa ta da hannuna." Ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba.

Ƙarar jarka ce ta dawo da ita tsakar gida. Magdalene ce, maƙwabciyarsu, mutuniyar kudancin Kaduna, wadda ta yi shekaru tana aiki a ɗakin marasa lafiya kafin ta yi ritaya. Katanga ɗaya ta raba su shekara ashirin. Ta dire jarkar tana haki.

"Maman Farida, famfo dai ya ƙi. Wannan ta huɗu ce daga rijiyarmu. Su masu wankan fa?"

"Bayansu ya riƙe."

"Duka biyun?" Magdalene ta ja tsaki. "Da injin rijiyar masallaci ya lalace bara, bayan wa ya sunkuya a kansa?"

"Bar maganar nan, Magdalene."

"Na bari. Amma zafin nan ba zai jira kowa ba. Ni aikina ne, na sani."

Aka yi sallama a zaure. Muryar Malam Tanimu ce, limamin unguwa. Jummai ta ja hijabinta ta tafi ta tsaya a bayan labule, Kolo yana gefenta. Malam Tanimu ya girmi Nma da 'yan shekaru kaɗan. A da su biyun ke buga dara a gindin mangwaro duk yammacin Asabar. Ya yi mata ta'aziyya, ta amsa. Tana jin ƙarar carbinsa.

"Jummai, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Mutane sun ji abin da ya faɗa da kunnensu, kuma bai janye ba. In na tsaya a kansa ba tare da hujja ba, gobe ba mai bi na sallah. Wannan ma ƙarami ne. Ni ma kabarina yana jira na."

"Na sani, Malam."

"Ba abin da ya faɗa shekara shida nake tambaya ba. Safiyar yau nake tambaya. Ke kaɗai ce a kansa. In ya yi kalmar shahada, ko sau ɗaya, ko da leɓe ne kawai, ki faɗa mini. Ba zan sa ki rantsuwa ba. Maganarki ta ishe ni, ta ishi na waje."

"In bai yi ba fa?"

Carbin ya tsaya. "Sai dai Kolo ya nemi mota a kai shi ƙauye, a samar masa wuri a bayan gona. Ba sallah. Masu kula da maƙabartarmu ba za su yarda ba."

Kolo ya matso kusa da kunnenta. "Yaya, ki ce ya yi mana. Don Allah ki ce ya yi. Wa zai sani?"

Ta juya ta dube shi. "Wa zai sani? Kai ma ka koma wajen yayan naka ke nan?"

Kolo ya ja da baya kamar ta mare shi.

Kwana tara ba ta yi barcin kirki ba sai gyangyaɗi a kujerar roba. Ta dafa bango. "Malam, mace tana wanke mijinta?"

"Tana wankewa. A littafi ma ita ta fi kowa cancanta. Ba a saba ba ne kawai."

"To bari in wanke shi tukuna. In na gama zan ba ka amsa."

"Ina nan a zaure," in ji shi.

Ba ta taɓa wanke namiji ba. Mata uku ta taɓa taimakawa aka wanke, cikinsu har da uwarta. Ta jiƙa ganyen magarya a babban baho, ta ware wani ruwan ta jefa kafur. Kolo ya ciro ƙyauren banɗaki suka ɗora a kan bulo huɗu a tsakiyar ɗaki, suka kwantar da shi a kai. Bai yi nauyi ba. Ciwon ya cinye shi. Magdalene ta zauna a waje, bayanta jingine da ƙofa, ba ta leƙo ba, sai dai murya.

"In za ku juya shi, ku lanƙwasa gwiwar sama tukuna. Kolo, riƙe kafaɗa da ƙugu, kada ka ja hannu. A hankali, zai bi ku da kansa."

Haka kuwa aka yi, ya bi su da kansa. Jummai ta rufe masa daga cibiya zuwa gwiwa, ta naɗe hannunta da tsumma mai tsabta, ta yi abin da ake yi. Kolo yana zuba ruwa da buta, fuskarsa a gefe, hawaye na ɗiga daga haɓarsa. Da suka zo alwala ta ce ya je wajen tela ya karɓo likkafani, za ta iya sauran. Ya fita da sauri kamar wanda aka kwance.

Ta ɗauki hannun Nma na dama. Baƙin mai yana nan a ƙarƙashin faratansa, kwana tara a asibiti bai fitar da shi ba. Ta goga, ta sake gogawa, ya ƙi. Ta bar shi.

"Yau dai ba ka isa ka hana ni ba," ta ce a hankali. "Alwala ce nake maka. Ka ji? Alwala."

Ta shafa masa baki da jiƙaƙƙen yatsa, ta shafa hanci, ta wanke fuska sau uku. Tabon sujada yana nan a goshinsa, ya dusashe amma bai ɓace ba, na shekara arba'in da ya yi yana sallah kafin ruwa ya ci 'yarsa. Ta ɗora babban yatsanta a kai. Za ta iya kiran Malam ya gani. Amma Malam ya san tabon, ba shi ya tambaya ba.

Safiyar ta dawo mata kamar yanzu ake yi. Gari ya waye, masu shara suna jan bokiti a barandar asibiti. Numfashinsa ya canza, ta gane. Ta sunkuya a kunnensa ta laƙanta masa kalmar shahada. Bai amsa ba. Ta sake. Ya buɗe ido ya dube ta, sarai ya gane ta, sarai ya ji abin da take so. Ta yi ta uku tana kuka, tana cewa ko don ita ya faɗa. Da ya so ya faranta mata, da ya motsa leɓe kawai, shi ke nan. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa yi mata ƙarya don ta ji daɗi ba, ko a kan gishirin miya. Ya matsa hannunta ya ce, "Kin gaji, Jummai. Zauna." Ya rufe ido. Ta zauna. Ya yi kusan awa ɗaya yana numfashi, hannunsa a cikin nata, bai ƙara cewa komai ba.

Ta wanke gefen dama, ta wanke na hagu. Ta zuba ruwan kafur a ƙarshe, ƙamshinsa ya cika ɗakin.

"Ka ga inda ka bar ni?" ta ce. "In na ce ka yi, na yi wa Allah ƙarya a kan gawa. Kai ma na yi maka ƙarya. In na ce ba ka yi ba, bayan gona za su kai ka. Taurin kai, Baban Farida. Tun kana saurayi."

Ta tsane shi da tawul, ta taje masa gemu da yatsunta. Kolo ya dawo da farin yadi, suka naɗe shi, suka ɗaure kai da ƙafa da tsakiya. Da fuskar ta rufu sai Magdalene ta shigo ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa a kofi.

Azahar ta kusa lokacin da ta koma bayan labule. Zaninta jiƙe yake har gwiwa.

"Malam, na gama."

"Sannu, Jummai. Allah ya ba da lada."

"Na laƙanta masa sau uku. Yana ji na, idonsa biyu. Bai maimaita ba."

Kolo ya saki wani sauti ya zauna a ƙasa.

"Abin da ya ce shi ne na gaji, in zauna. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da na ji. Bayan nan ya yi kusan awa ɗaya idonsa rufe, bakinsa rufe. Abin da ya gudana a cikin awar nan, ban sani ba. Ba zan ce maka ya tuba ba. Ba zan ce maka bai tuba ba. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Daga waje ana jin mai faci yana buga ƙarfe.

"Awa ɗaya kika ce?"

"Kusan haka."

"Yana numfashi?"

"Yana numfashi."

Ta ji ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ta ji ƙarar makullai. "Kolo, tashi. Ga makullin ɗakin makara. A fito da shi ƙofar gida." Bai ce zai yi masa sallah ba, bai ce ba zai yi ba. Ya sa takalminsa ya fita.

Mace ba ta bin gawa, matar mamaci kuwa ko ƙofar gida ba ta takawa. Da Kolo da wasu 'yan uwansa uku da suka iso daga Limawa suka ɗauke shi, Jummai ta bi su da ido har labulen zaure ya faɗo a bayansu. Ta zauna a kan tabarma a jikin katangar da ke kallon titi. Mata biyar ko shida sun shigo a lokacin, sun jeru a inuwa. Magdalene ta zauna kusa da ita.

Daga nan komai sai ta kunne. Ta ji an ajiye makara a ƙasa. Ta ji muryar Malam Tanimu yana bayani, ba ta kama kalmomin ba. Wani ya ɗaga murya, saurayi ne, ta ji "da kunnenmu muka ji" har sau biyu. Wani dattijo ya tsawata masa. Aka tayar da babur, aka tayar da na biyu, ƙararsu ta yi nisa. Takalma suka yi ta wucewa ta jikin katanga, ba ta san masu tafiya ne ko masu zuwa ba. Sai shiru. Mai faci ma ya daina bugu.

Ta riƙe gefen tabarmar da hannu biyu.

"Allahu Akbar."

Muryar Malam ce, ta ɗan dishe. Na bayansa a hankali suke yi, ba ta iya gane ko sahu uku ne ko mutum uku.

Magdalene ta raɗa mata, "In leƙa in ƙirga miki su? Ni ba wanda zai hana ni."

Jummai ta girgiza kai.

Kabbara ta biyu ta zo. Ta ɗaga hannu za ta yi masa addu'a, sai ta tarar bakinta ya tsaya. Shekara shida tana so ta ci gardamar nan. Kowace safiya tana neman maganar da za ta kayar da shi. Ba ta taɓa zama ta duba abin da cin nata yake nufi ba sai yanzu. In shi ne da gaskiya, barci yake yi, ba abin da zai same shi, ita ce dai ba za ta ƙara ganin Farida ba. In ita ce da gaskiya, kuma ta san ita ce, to nan da awa ɗaya za a zuba masa ƙasa, mutane su juya, a zo a tambaye shi. Shi kuwa ta san shi. Abin da ke ransa zai faɗa.

Kabbara ta uku ta wuce tana riƙe da hannayenta a sama, babu komai a cikinsu. Addu'o'in da ta haddace duk sun gudu. Da ta huɗu ta zo sai ta bar neman su, ta yi maganar da bakinta na kullum.

"Ya Allah, Kana bakin kogin nan ranar da ya fito da ita. Ka ga abin da ya gani. Ni ban yi Maka ƙarya a kansa ba. Na wanke shi iyakar iyawata. Saura Kai."

A waje Malam ya sallame sallar. Ta ji an ɗaga makarar, wani yana cewa a riƙe ta baya da kyau.